Awa Biyu da Rabi Zuwa Libarbil

Azahar ta ɗan gota, rana na tsaye a kan kwarin Dutsin Gawo, ko ganye ba ya motsi. Can gabas, ta bayan duwatsun Garhanga, wani ɗan hadari ya taru tun da hantsi. Bai matso ba, bai kuma watse ba. Kwana shida ke nan yana yi wa mutane haka.

Manzo na cikin garkarsa shi kaɗai, yana jera albasa a rudu, ɗan rumbun karan nan da ake ajiye ta don ta sha iska. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, ya juya ta a hannu, ya duba wuyanta, ya ajiye. Tun da ya dawo daga Gabon shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya ƙara ganin ya yi saurin wani abu.

Bai ji zuwanta ba sai da inuwar kwandonta ta faɗo a kan albasar.

Zaliha ce. Kullum warhaka takan zo kwasar ganyen albasa, ta kai gida ta daka, ta dunƙula gabu ta shanya, ranar kasuwa ta ɗauka a ka zuwa Garhanga. Da wannan take riƙe da kanta da mahaifiyarta, Inna Fatsima, tun da mijinta ya rasu ta gama takaba ta dawo gida.

Ran nan ba ta yi masa tsiyar da ta saba ba. Ba ta ce da shi mai albasa ba, ba ta ce hularsa ta karkace ba. Ta ajiye kwandon, ta zauna a bakin rijiya, ta ce mutanen Walid za su dawo ranar Juma'a su ji amsa.

Duk garin an san maganar. Tun kaka Manzo ke neman Zaliha, ita ma ba ta ɓoye cewa shi take so ba. Sai ga Walid ya zo gida ƙaramar Sallah. Ɗan garin ne, bai taɓa aure ba, yana da shago biyu a Libarbil, babban birnin Gabon, kuma Iro, yayan Zaliha, a ɗaya daga cikin shagunan yake aiki shekara bakwai ke nan. Walid ba mugun mutum ba ne, Manzo ma ba zai ce haka ba. Ya ga Zaliha, ya aiko, ya koma bakin kasuwancinsa ya bar magana a hannun dangi.

Kawunnanta duk suka koma bayansa. Suka ce ga wanda ya je Gabon ya dawo da akwatuna, ga wanda ya je aka koro shi da riga ɗaya, wane zaɓi kuma ya rage? Amma Zaliha bazawara ce, ba mai ɗaure ta. Ta ce musu ita inda ran Inna ya kwanta nan za ta bi.

Wannan ne ya sa Manzo bai damu ba da farko. Kowa ya san Inna Fatsima ta sha faɗa cewa nisa ya cinye mata ɗa guda, ba za ta ba da ɗiyarta a wuce da ita ko Buza da ke nan kusa ba.

"Da Walid yaz zo gaishe ta, ta ce mashi nisa taka tsoro," in ji Zaliha, idonta na kan igiyar guga. "Sai yay yi dariya, yac ce, Inna, wane nisa? Daga Yamai zuwa Libarbil awa biyu da rabi na cikin jirgi. In kin yi kira da sahe, kahin azahar tana gabanki."

Manzo ya ajiye albasar da ke hannunsa.

Awa biyu da rabi. Daidai tafiyar da Zaliha ke yi a ƙasa daga gida zuwa kasuwar Garhanga. Inna Fatsima ta yi shekara talatin tana yin ta kafin gwiwa ta hana ta, ta san kowane dutse da ke hanyar.

Zaliha ta ce tun daga ranar Inna ta sake. Ba ta cin abincin kirki, fura ma sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Ta zauna a gindin darni tana lanƙwasa yatsu, ɗaya, biyu, da rabi, ta buɗe ta sake. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, amma ta daina cewa ba a wuce Buza.

"Kai ka tahi can, Manzo. Gaskiya ta ko ƙarya?"

Ya ce shi bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ta ƙasa ya tafi, ta ruwa ya ƙarasa, hanyar sama bai san ta ba.

"To hanyar ƙasar hwa? Kwana nawa ta?"

Ya dubi ƙasa.

Ta yi ɗan tsaki, ba na raini ba, na gajiya. Ta ce kullum haka yake, da an ambaci Gabon sai ya zama kurma. Ko Iro in ta tambaye shi, amsa ɗaya ce, lafiya lau yake, yana gaida kowa.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Haka mazan Adar suke in sun tafi biɗa. Mutum ya dawo da zane da sabulu, ya dawo da labarin manyan gidaje da fitilu, amma wahalar da ya sha a can take kwana. Ba a kawo ta gida, ba a kuma tona ta wani. Wanda ya yi haka, ko a majalisa ba a ƙara matsa masa ya zauna.

Zaliha ta cika kwandonta ta ɗauka. Har ta kai ƙofar garka ta juyo.

"Juma'a jibi ta," ta ce, ta tafi.

* * *

Da ya yi la'asar ya nufi lakwal, makarantar boko ta garin. An tashi yara tun tuni, sai Muse Aminu, malamin da aka turo musu daga Madawa, yana zaune a ƙofar aji yana firfita da littafi.

Manzo aji uku ya yi ya bari, har yanzu in zai shiga aji sai ya ji kamar za a ce ya miƙo hannu. Ya gaisa, ya yi ta zagaye, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen Madawa. Muse Aminu ya bar shi ya gama, sannan ya ce in dai maganar jirgin Walid ce, shi ne na huɗu da ya zo, har liman ya aiko.

Suka shiga. A jikin bango akwai taswirar Afirka, gara ta cinye mata kusurwa ɗaya. Muse ya ce ya ba shi zare. Manzo ya laluba aljihu ya fito da guntun zaren ɗinkin buhu.

Muse ya danne bakin zaren a kan Yamai, ya ja shi kudu, ya ɗan karkata gabas, har bakin shuɗin ruwa inda aka rubuta Libarbil. Ya tsunkule wurin, ya kai zaren ƙasan taswirar ya gwada a kan wani ɗan ma'auni. Ya ce kilomita dubu ɗaya da ɗari shida da ɗoriya. Ya ce Faransawa tafiyar tsuntsu suke ce wa wannan awo, don babu kwana a ciki, babu tasha, babu jandarma mai cewa a sauko. In jirgi ya miƙe bai biya ko'ina ba, awa biyu da rabi ba ta yi kaɗan ba.

"Ke nan bai yi ƙarya ba," in ji Manzo.

"Kai so kaka yi in ce ya yi ƙarya," Muse ya yi dariya. "Ni zare nika aunawa, ɗan'uwa. Ba ni iya ja maka shi ya ƙara tsawo don kana son ɗiyar mutane."

Manzo ya karɓi zaren ya ɗora a tafin hannunsa. Ko taƙi ɗaya bai cika ba.

Ya tambaya ina garinsu yake a ciki. Muse ya kama ɗan yatsansa ya ɗora a wani wuri, ya ce ga shi nan, ya rufe Tawa, ya rufe Madawa da Buza da Kaita, har da garkarsa da jakinsa, duk suna ƙarƙashin farcensa.

Manzo bai yi dariya ba. Ya sauke yatsan a hankali, ya ratsa Nijeriya tun daga sama har ƙasa, ya shiga cikin shuɗin. A nan ya tsaya. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba, har Muse ya daina firfita ya dube shi.

* * *

Washegari da hantsi Zaliha ta same shi a hanyar garka, ta ce Inna na kiransa.

Ya ce ko dai ta ji ba daidai ba. Mai neman aure ba ya zama da uwar wadda yake nema. In ya hango ta a hanya ma sai ya sake hanya, in ta rutsa da shi ya tuɓe takalma ya durƙusa har ta wuce. Zaliha ta ce Inna ta sani, shi ya sa ta ce ya zo ta bayan darni, ba sai sun ga juna ba.

Haka aka yi. Ya tuɓe takalmansa ya tsuguna a bayan darnin, ya ba shi rabin baya. Ta tsakanin karan yana iya ganin gefen zanenta baƙi da ƙafafunta a miƙe a kan tabarma. Zaliha na can gefe wajen turmi, ta riƙe taɓarya ba ta daka komai.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ta tambayi albasa, ta tambayi gyatumarsa. 

Iro ɗan fari ne, Inna Fatsima ba ta taɓa kama sunansa ba. Da ta buɗe baki, abokinka ta ce.

"Shekara bakwai ina ce ma kaina nisa na ya hana abokinka zuwa. Ubanshi yar rasu bai zo ba, nic ce nisa. An ka yi aurenta, an ka yi mata rashi, bai zo ba, nic ce nisa. Sai ga wani ya zo ya zamna nan inda kake, ya ce awa biyu da rabi." Ta gyara zama. "Na san jirgi shina da gudu, ni ba yarinya ba ta. Amma in dai ana tashi da sahe a iso kahin azahar, to ba nisa na ba. Ƙina yay yi ke nan."

Ta ce shi ya sa take tunanin ta bar Zaliha ta tafi. In dai kusa ne haka, babu abin tsoro. Ta je ta dubi tsabar idonsa ta tambaye shi me uwarsa ta yi masa.

"Kai ka gane shi da idonka. Don Allah, ɗan nan, ka hwaɗa mini. Kusa na ko nesa?"



Manzo ya tuna ranar da aka kama shi a Gabon babu takardar zama. Iro ya zo bakin ƙyauren da aka tsare su, ya zuro masa burodi ta tsakanin ƙarfe, ya riƙe yatsunsa ya ce, in ka isa gida, ka ce lafiya nike, kada ka ƙara komai. Ya sa shi ya rantse.

Ya kuma ga wani abu, bai ɓoye wa kansa ba. In ya faɗi nisan nan yadda yake, Inna ba za ta ba da Zaliha ba. Tausayin tsohuwar na cikin ransa da gaske, amma ba shi kaɗai ne a ciki ba.

Ya ce, "Nesa na, Inna."

Daga nan ya soma, a hankali, kamar mai jera albasa. Ya ce jirgin da Walid ke faɗa gaskiya ne, amma na masu takarda ne. Wanda ba shi da takardar zama ko ƙofar filin jirgin ba ya kusanta, don a nan ake kamawa. Iro ba shi da ita. Shi ma ba shi da ita, yawancin 'yan Adar da ke can ba su da ita.

Ya ce hanyarsu daban ce. Daga nan zuwa Madawa, daga Madawa zuwa Ƙwanni, a ƙetara Sakkwato. Daga can kwana uku a bayan babbar mota ana gangarawa kudu, har ƙasa ta daina zama ja ta koma baƙa, itatuwa su rufe sama. A wani gari na bakin teku suka yi kwana tara a ɗaki ɗaya su arba'in, ana jiran mai kwalekwale ya ce yau.

Ya ce sannan ruwa. Kwana huɗu babu tudu ko ɗaya, ruwan sha ya ƙare a na uku. Mutum uku aka bari a cikin tekun nan, ɗaya ɗan Azarori ne, ya san sunansa. Aka sauke su cikin laka har ƙugu tun gari bai waye sosai ba, aka ce kowa ya yi ta kansa. Shi da ya lissafa, kwana goma sha tara ya yi tsakanin ƙofar gidansu da ƙofar shagon Walid. Iro ya ce masa shi ashirin da uku ya yi.

"In yat taho, ta nan za shi biyowa. In kuma ya taho, ba shi komawa."

Ya ce ranar da labarin rasuwar baban Iro ya iso, shi ma yana can. Iro ya fita babu takalmi, suka bi shi, suka same shi a bakin teku ya juya wa ruwan baya yana fuskantar arewa. Ya wuni a nan. Da magariba su huɗu suka zauna a bayan shago suka yi wa baba addu'a, Iro ya kasa ɗaga hannu.

Ta bayan darnin Manzo ya ji wani ɗan sauti, kamar an danne baki da zane.

"Alhamdu lillahi," Inna Fatsima ta ce. Ta sake cewa, ta kuma sakewa. "Bai ƙi ni ba."

Nan ya kamata ya tashi. Ya ma fara laluben takalmansa. Sai ta tambaye shi ina abokin nasa yake kwana.

Ya ce a bayan shago, tsakanin buhuna.

Ta tambayi abin da yake ci. Ya ce burodi da shayi, wani lokaci shinkafa in an dafa a shagon maƙwabta. Ta tambaya ko Walid ba ya kula da shi. Ya ce yana yi gwargwado, amma mai shago biyu ba ya zama wuri ɗaya, kuma gidansa babu mace, shi kansa a waje yake ci.

Tambaya na jan tambaya, kamar an kwance bakin buhu. Ya so ya tsaya ya kasa, don ba ta tambayar abin da za a iya kaucewa. Har ya kai ga faɗin cewa ƙasar ruwa ce, sama ba ta gajiya da zuba, kuma duk shekara in ruwan ya yi ƙarfi zazzaɓi na kayar da Iro, wani lokaci sati biyu ba ya gane mutane.

"In ya kwanta, wa ka ba shi ruwa?"

"Ni na, Inna."

"Yanzu hwa?"

 Wata kaza ta zo ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce.

 Da tsohuwar ta sake magana, ba da shi take ba.

"Ashe ƙarshen duniya shike, shi ɗai."

Ya ji ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ta kira sunan Zaliha, ta ce ta ji dai da kunnenta. Ta ce ita ba ta ce ta tafi ba, ba ta kuma ce ta zauna ba, ta janye bakinta daga maganar, duk wanda ta zaɓa ta sa albarka. Ta shige ɗaki.

* * *

Zaliha ta zagayo ta same shi inda yake tsugune. Fuskarta jiƙe take, ba ta ko share ba.

Ta ce shekara biyu yana kallon idonta yana ce mata lafiya lau. Ya ce rantsuwa ya yi. Ta ce to yau me ya karya ta? Ya ce tausayin Inna. Sannan ya ce da kuma son kada a tafi da ita.

Wannan ya sa kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya. Ta zauna a kan wani dutse ta rufe fuska da mayafi. Ta ce Iro ne ya goya ta ranar da kunama ta harbe ta a gona, ya yi gudu da ita har gari. Ta ce shekarar da hatsi bai yi ba, shi ya ce wa baba ya zauna, shi zai tafi. Ita duk zamanta tana ganin yana can cikin fitilu ya manta da su, har ta daina sa shi a addu'a da suna.

"In na zamna nan da kai, Manzo, duk hurar da nid dama, shi za ni gani kwance cikin buhuna."

Ya ce to shi zai koma. Zai sayar da albasar, ya bi hanyar, ya zauna da Iro ko ya taho da shi.

"Ka koma cikin ruwan da yac ci mutum uku? In rasa biyu ke nan."

Ya ce ba a yin aure don jinyar ɗan'uwa. Ta ce ana yi don abin da bai kai wannan ba, ta gani da idonta. Ta ce Walid ya yi alkawarin yi mata takarda ta shiga ta ƙofa. In tana cikin gidansa, Iro zai ci tuwo, zai sami mai taɓa goshinsa. Kuma bakin mata a cikin gida ya fi na yaron shago, za ta yi ta magana har a yi wa Iro takarda shi ma, wata rana ya hau jirgin nan ya zo Inna ta gan shi tun tana gani.

Ya tambaye ta Inna fa, wa zai zauna da ita. Ta ce Murja, ɗiyar kawunta, za ta dawo gidan. Ta ɗago ta dube shi kamar akwai sauran magana, amma ba ta roƙe shi komai ba.

"Kina son shi?"

"Ba ni ƙin shi." Ta ja hanci. "Wanda nika so ka san shi. Da ka yi mini ƙarya yau, ka ce lafiya shike, da na aure ka ran Juma'a."

"Da na yi ƙarya, da Inna ta mutu tana cewa ɗanta ya ƙi ta."

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa nika kuka."

Suka zauna haka, shi a tsugune, ita a kan dutse, taku uku tsakaninsu. Can cikin gari wata na daka, wani jaki ya yi kuka ya gaji ya bari. 

Sai muryar Inna Fatsima ta fito ta bayan darni. Ta ce an ce salularsa na ɗaukar murya ta kai wa mutum. Ya ce tana yi. Ta ce ya miƙo.

Ya nemo lambar Iro ya ba Zaliha, ta koma ciki ta danna mata. Daga inda yake yana jin komai.

"Kai. Ni ta," tsohuwar ta ce, da ƙarfi, irin na wanda bai saba da salula ba. "Na ji komi. Kada ka ga laihin abokinka, ni nit tsare shi. Na yahe maka, kai ma ka yahe mini zaton da niy yi maka. Ka riƙa ruhe ƙirjinka in ana ruwa." Ta tsaya, aka ji tana tambayar Zaliha wani abu ƙasa-ƙasa, aka ji Zaliha ta amsa da kalma ɗaya. "Ƙanwarka tana tahe. Ka hwaɗa ma mai gidanka, ba sai Juma'a ba."

Aka miƙo salular ta saman darni. Hannun Zaliha ne, amma ba ta leƙo ba. Ya ji takunsu su biyu sun shige ɗaki, aka saki asabari.

A Dutsin Gawo babu rezo a cikin gari, salula ba ta kamawa. Duk mai son aika saƙo sai ya hau dutsen da ke bayan makabarta, har wajen wani fa mai faɗi a can ƙoli. Inna ba ta iya hawa, Zaliha kuma ba ta ce za ta je ba. Ba wanda ya ce masa ya je.

Ya sa takalmansa ya kama hanya. Rana ta riga ta yi tsakiya, duwatsun na ƙona tafin ƙafa ta cikin roba. Ya huta sau biyu. A hutu na biyu ya fito da salular ya dubi saƙon, ga shi nan da ɗan agogo a gefensa, yana jira. Danna ɗaya zai share shi. Iro ba zai san an karya rantsuwa ba, Walid ba zai ji komai ba sai Juma'a, kuma kafin Juma'a akwai sauran dare guda da mutum zai iya sake tunani.

Ya mayar da ita aljihu ya ci gaba da hawa.

A kan fan babu kowa, sai wani ƙadangare da ya ɗaga kai ya dube shi. Daga nan ana ganin kwarin duka, garake kore-kore, da rufin gidajen gari. Ya ɗaga salular sama ya juya gabas, babu. Ya juya kudu, ya miƙe hannu iyakar tsawonsa, ya tsaya a haka har kafaɗarsa ta fara zafi.

Ɗan agogon ya ɓace. Alama ɗaya ta fito, jim kaɗan ta biyu ta biyo ta, saƙo ya isa.

Ya sauke hannun. Ya sauko a hankali, don tsakuwar wajen na zamewa. Da ya zo wucewa ta ƙofar gidan Inna Fatsima asabarin na nan a sake, babu motsin kowa. Bai yi sallama ba, ya wuce garka, akwai sauran albasa a rana.